Wa zai biya 'yan sandan makaranta, birni ko hukumar makarantu?

Baban Sadik, Milwaukee:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja a kanta a garinmu, kuma na ga alama ba mu kaɗai za ta shafa ba. A watan Yunin 2023 gwamnan jiharmu ta Wisconsin a nan Amurka, Tony Evers, ya sa hannu a wata doka da ta ba birnin Milwaukee izinin karɓar harajin kashi 2 cikin ɗari a kan kayan da ake saya. Bashin fansho ya kusa durƙusar da birnin, wannan harajin ne ya cece shi. Amma 'yan jam'iyyar Republican na majalisar jiha sun liƙa wa dokar sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne daga 1 ga Janairun 2024 dole a samu 'yan sanda 25 a makarantun gwamnati na birnin. Dokar ba ta ce ga wanda zai biya ba, cewa ta yi birni da hukumar makarantu su zauna su raba kuɗin a tsakaninsu.

Ranar ta zo ta wuce, ko ɗan sanda ɗaya babu. Hukumar makarantu ta ce za ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, birni ya ce bai isa ba. Sai da wata uwa ta kai ƙara a Oktoban 2024. A Fabrairun 2025 alƙali David Borowski ya ce tunda sun kasa, a raba biyu, kowa rabi. Kuɗin kusan dala miliyan 1.6 ne. Da birni ya ci gaba da jan ƙafa, alƙalin ya same shi da laifin raina kotu, ya ɗora tarar dala 1,000 a kowace rana in ba a cika umarni ba. A Maris 'yan sandan suka shiga makarantu.

Ni a ganina rabi da rabi ba adalci ba ne. Birni ne ya karɓi harajin, makarantu ba su ga ko sisi a ciki ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku kuma yaya abin yake a garuruwanku?

Kawu Na Katsina:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ku yi mini uzuri, ni da nake gida kaina ya ɗaure. Ɗan sanda ba na gwamnati ba ne? Makaranta ba ta gwamnati ba ce? To wa ke bin wani bashi a nan? Mu in aka ce a kai 'yan sanda makaranta, kwamishina ne zai ba da umarni, albashi kuwa daga Abuja yake fitowa, ko suna makaranta ko suna bakin titi.

Malam Akanta, Ohio:
Kawu barka da warhaka. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda irin ta Najeriya. Hukumomin 'yan sanda a nan sun kusa 18,000, kowane birni da nasa, kusan kowace gunduma da sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan gunduma, kuma kowa daga aljihunsa yake biyan albashi. Makarantu su ma gwamnati ce mai zaman kanta. Akwai hukumomin makarantu wajen 13,000, jama'a ke zaɓen shugabanninsu, kuma a yawancin jihohi suna da harajinsu daban da suke ɗorawa a kan gidaje. A yawancin garuruwa magajin gari ba shi da ikon sallamar ko mai shara a makaranta. Abin da gwamnatin tarayya ke sakawa a ilimin firamare da sakandare wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Saboda haka in ɗan sandan birni ya yini a makaranta, ma'aikacin wata gwamnati ne yake yi wa wata gwamnati aiki, dole a fito da takardar kuɗi.

Aikina kenan a ofishin kasafin kuɗi na wani ƙaramin birni, bari in faɗi yadda ake lissafin. Ba albashi kaɗai ba ne. Akwai inshorar lafiya, fansho, mota da manta, rediyo, kyamarar da yake ratayawa a ƙirji, da horo. Sai a duba lokaci. Shekarar karatu kwana 180 ce ko kusa da haka, wato wata tara cikin sha biyu. Daga nan ne rabon 75 da 25 ya samo asali: makaranta ta biya wata tara, birni ya biya wata uku na hutun bazara da ɗan sandan ke komawa sintiri. Wasu su ce a'a, a ƙirga ranakun aiki, 180 cikin 260, ya faɗo wajen kashi 70. Wasu kuma su ce makaranta ta biya albashi, birni ya ɗauki mota da kayan aiki. Rabi da rabi shi ake yi in an gaji da gardama.

Baban Sadik, a nan zan saɓa maka. In da awa za a bi, hukumarku ta samu rangwame ne. Rabi ta biya, ta samu wata tara.

Baban Sadik, Milwaukee:
Malam, lissafinka daidai ne ga wanda ya je ya roƙi a ba shi 'yan sanda. Hukumarmu ba ta roƙa ba. Tun 2016 ta daina ajiye su a cikin makarantu, a Yunin 2020 ta yanke sauran kwangilar da ke tsakaninta da 'yan sanda. Daga Madison, babban birnin jiharmu, aka ɗora mata, a cikin cinikin da ba ita ta ci ribarsa ba.

Hajiya Maman Ummi, Bronx:
Ni dai wallahi ban ga abin faɗa ba. Aljihun birni da aljihun makaranta ai duk aljihunmu ne. Ko kai ɗan haya ne kana biya, don mai gida a kuɗin haya yake fanshe harajinsa. Su biya ta inda suka ga dama, ni dai Ummi ta je ta dawo lafiya. Mu nan New York tun 1998 masu gadin makaranta suna ƙarƙashin 'yan sandan birni, suna sa kaki amma ba sa riƙe bindiga, kuɗinsu kuma ta kasafin ilimi yake bi ya tafi wajen 'yan sanda. Ban taɓa jin uwa ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar daga wane asusu aka biya su ba.

Malama, Texas:
Hajiya, Allah ya tsare mana su. Amma ki zauna a aji ki gani, aljihun ba ɗaya ba ne. Dalar da ta fita daga kasafin birni, wataƙila gyaran titi ne ya jira. Dalar da ta fita daga kasafin makaranta, malamin da ke koya wa 'ya'yanmu sababbin zuwa Turanci ne ba a ɗauka ba, ko nas ɗaya ta riƙa zagaya makarantu uku.

Ga namu nan a Texas. Bayan harbin da aka yi a makarantar firamare ta garin Uvalde a 2022, majalisa ta yi doka a 2023 cewa kowace makaranta sai an ajiye mai bindiga. Kuɗin da dokar ta zo da shi dala 15,000 ne ga kowace makaranta, da dala 10 ga kowane ɗalibi. Makaranta mai yara 500 ta tashi da dala 20,000. Wannan ba zai biya ko rabin abin da ɗan sanda ɗaya ke ci a shekara ba. Ragowar fa? Daga aji. Hukumomi da yawa sai suka fake da wata kafa da dokar ta bari, suka ce ba su da kuɗi ko ba su samu wanda za su ɗauka ba, wasu suka ɗauko masu gadin kamfani, wasu suka ba ma'aikatan makaranta bindiga bayan horo. Manyan hukumomi irin ta Houston dama suna da rundunar 'yan sandansu, su ba su da wani birni da za su raba da shi.

Baban Sadik, Milwaukee:
Kin gama magana Malama. Mu a Wisconsin ma jiha ta ƙayyade abin da hukumar makarantu za ta iya tarawa, ba ta ƙetarewa sai ta koma wajen masu zaɓe. A Afrilun 2024 aka sa mu ƙuri'a a kan ƙarin dala miliyan 252, da ƙyar ta tsallake. An ce mana don kada a rage malamai ne. Ba wanda ya ce mana don 'yan sanda ne.

Malam Akanta, Ohio:
A yi wa birni adalci kuma. Harajin nan na kashi 2 ba kyauta aka miƙa wa magajin gari Cavalier Johnson ya yi yadda yake so ba. Dokar ta ɗaure kuɗin a kan fansho da riƙe yawan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Sannan mutum 25 da ka kai makaranta, mutum 25 ne ka cire daga sintiri, a lokacin da kowace runduna ke kukan ba ta samun masu shiga aiki.

Hajiya, maganar aljihu ɗaya tana tafiya ne in iyakar birni da iyakar hukumar makarantu sun hau kan juna, kamar Milwaukee. A wurare da yawa ba haka ba ne. Hukuma ɗaya sai ta haɗa garuruwa huɗu da ƙauyukan kewaye, babbar sakandaren kuma tana cikin gari ɗaya. In garin nan ya biya ɗan sanda shi kaɗai, mutanensa ne ke biya wa 'ya'yan sauran garuruwan tsaro. Duk shekara sai wani kansila ya tashi ya faɗi haka a zaman kasafi, kuma yana da gaskiya. A irin wannan wurin, in kuɗin ya fita ta hukumar makarantu, shi ne kowa ya sa hannu.

Ɗan Damagaram, Greensboro:
Salamu alaikum. Mu a North Carolina kusan ko'ina hukumar makarantu ba ta da ikon ɗora haraji. Kwamishinonin gunduma ne ke yanka mata abin da za ta samu bayan na jiha, su ne kuma ke ba sherif kuɗi. Kun ga a nan maganar Hajiya ta fi kusa da gaskiya, hannu ɗaya ne ke rabawa. Duk da haka ana faɗan, don makarantun da ke cikin birni 'yan sandan birni ne ke zuwa.

Anti Lauya, Chicago:
Ina ta karantawa. Yaya Baban Sadik, ka duba girman kuɗin. Kasafin hukumar makarantun Milwaukee ya kai wajen dala biliyan ɗaya da rabi a shekara. Dala miliyan 1.6 kashi ɗaya ce cikin dubu. Tazarar da ke tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi ba ta kai dala 300,000 ba. Kana ganin a kan wannan ne gwamnatoci biyu suka yi wata goma sha huɗu suna karya doka? Hukumar ba ta son 'yan sandan, birni ba ya son rasa su daga titi, sai maganar kuɗi ta zama wurin fakewar kowa.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Ko makaranta ta biya kashi ɗari, ɗan sandan ba ma'aikacinta ba ne. Shugaban 'yan sanda ne ya ɗauke shi, shi ke ba shi umarni, shi ke hukunta shi. Mu a Chicago akwai shekarar da hukumar makarantu ta ware dala miliyan 33 ta biya 'yan sandan birni. Sai da aka yi ta hayaniya kafin a samu rubutaccen tsari na yadda ake zaɓen ɗan sandan da za a kai makaranta da irin horon da zai samu. Daga baya aka ba majalisar kowace makaranta ikon ƙuri'a, ta riƙe nata ko ta karɓi kuɗi ta ɗauki wasu ma'aikata. A Fabrairun 2024 hukumar ta yanke shawarar cire su gaba ɗaya.

A Portland ta jihar Oregon birni ne ya daɗe yana biya. A ƙarshen 2018 ya ce makarantu su fara ba da dala miliyan 1.2 a shekara. Hukumar ta amince, ɗalibai suka tayar da ƙura, kafin wata biyu ta janye. Abin lura shi ne shekarun da abin yake kyauta ba wanda ya tsaya ya tambayi me 'yan sandan ke yi a ciki. Ranar da takardar kuɗi ta iso aka fara tambaya. Shi ya sa ni ba na goyon bayan birni ya biya duka. Wanda bai sa kuɗinsa ba, ba shi da bakin gindaya sharaɗi.

Alhaji Mai Tirela, Denver:
Lauya, ku 'yan boko kun iya tsara magana. Mu mun gani da idonmu. A Yunin 2020, bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd, hukumar makarantun Minneapolis ta soke kwangilarta da 'yan sanda ta dala miliyan 1.1, mu ma a Denver hukumarmu ta bi sahu aka kwashe 'yan sanda daga makarantu. A Maris 2023 ɗalibi ya harbi ma'aikata biyu a sakandaren East, a lokacin da suke caje shi neman makami. Ma'aikatan makaranta ne ke caje yaro da hannu, ba mai bindiga a kusa. Nan take aka dawo da 'yan sandan. To me aka tsinta? A biya kawai, ko daga ina ne. A Satumban 2024 a sakandaren Apalachee ta Georgia, 'yan sandan makaranta ne suka tari yaron da ke harbi ya miƙa wuya. An rasa mutum huɗu, da babu su Allah kaɗai ya san adadin.

Malama, Texas:
Alhaji, ba na musun na Georgia. Amma in za a kawo wannan sai a kawo ɗayan. A Parkland ta Florida, ranar 14 ga Fabrairun 2018, akwai mataimakin sherif da bindiga a harabar, ya tsaya a waje aka kashe mutum 17. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2023. A Uvalde hukumar makarantun tana da rundunarta ta kanta. Jami'ai 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai biyu suka rasu. Masu bincike na jami'ar Albany da suka bi alƙaluman makarantun ƙasar nan sun gano cewa ɗan sanda a makaranta yana rage faɗa da wasu rigingimu, amma ba su ga ya hana harbi ba, kuma dakatar da ɗalibai da kora da kamu suna ƙaruwa, baƙaƙen yara ne abin ya fi faɗawa a kai. 'Ya'yanmu kuwa in sun shiga makaranta ba wanda ke tambayar daga Kano suke ko daga Agadas.

Hajiya Maman Ummi, Bronx:
Ni ba ma harbin nan na talabijin nake tunani ba. Wuƙa a jaka, 'yan daba a bakin ƙofa lokacin tashi, yarinya ana binta har tashar jirgi. Kin ce yana rage faɗa, to ai ni shi nake nema.

Anti Lauya, Chicago:
Hajiya, buƙatarki halal ce, kuma ana iya rubuta ta a takarda. Duk inda ake raba kuɗin nan akwai yarjejeniya tsakanin birni da hukuma, kuma a nan ne abin ke gyaruwa ko ya lalace. Mutane suna duba layin kaso nawa su rufe. Ni ga abin da nake dubawa. Shin an rubuta cewa ladabtarwa aikin shugaban makaranta ne, ɗan sanda ba ya shiga maganar waya a aji, ko makara, ko rashin kunya ga malami? A 2015 a South Carolina an kira ɗan sanda a kan yarinyar da ta ƙi fita daga aji saboda rigimar waya, ya fizge ta daga kujera ya jefar, duniya ta gani a bidiyo. Shin makaranta na da hannu a zaɓen wanda za a kawo, kuma in ta ce a sauya shi za a sauya? Shin za a kira iyaye kafin a yi wa yaro tambayoyi? Shin za a riƙa fitar da adadin waɗanda aka kama, da shekarunsu, da dalili? Sai horo. Ƙungiyar 'yan sandan makarantu ta ƙasa tana da kwas na awa 40, dokar Wisconsin ma ta wajabta shi, kuma rashin yin sa na cikin abin da ya ƙara jinkirta na Milwaukee.

Ku tuna yaron nan ɗan asalin Sudan mai shekara 14 a Irving ta Texas, a Satumban 2015. Agogo ya haɗa ya kai makaranta, ya ƙare da ankwa a hannu. Mu baƙi kamu ba ƙaramin abu ba ne. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka, ba wai ko an same ka da laifi kaɗai ba. Abin da a da zai ƙare a ofishin shugaban makaranta, in ya bi ta hannun ɗan sanda yana iya bin yaro shekaru.

Alhaji Mai Tirela, Denver:
Wanda ya ba ɗansa tarbiyya ba ruwansa da ankwa. Mu ji tsoron Allah mu kula da gidajenmu, mu daina ɗora wa ɗan sanda laifi.

Anti Lauya, Chicago:
Alhaji, yaron agogon wace tarbiyya ya rasa?

Alhaji Mai Tirela, Denver:
Ɗaya ne cikin miliyan nawa? Ke dai kin saba ganin waɗanda abin ya ɓaci ne a ofishinki, shi ya sa.

Shugaban Zaure:
Alhaji, Anti, a yi haƙuri a sassauta. Maganar wa zai biya ake yi, a dawo kanta.

Malam Akanta, Ohio:
Bari in ƙara wani abu da ya haifar da rabin rigimar nan. Tun shekarun 1950 aka fara sa ɗan sanda a makaranta a Flint ta jihar Michigan, amma abin bai bazu sosai ba sai bayan harbin da aka yi a sakandaren Columbine a 1999. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta buɗe tallafi, ta raba fiye da dala miliyan 750, aka ɗauki 'yan sandan makaranta sama da 6,500. Tallafin na shekara uku ne, iyakarsa dala 125,000 ga mutum ɗaya. A shekarar farko kowa murna yake, magajin gari da shugaban makarantu su tsaya a ɗauki hoto. A shekara ta huɗu kuɗin Washington ya ƙare, ɗan sanda yana nan, iyaye sun saba da shi, ba ɗan siyasar da zai yarda a ce shi ya cire shi. Daga nan sai kallon-kallo. Haka jihohi ke yi yanzu. Florida ta wajabta mai tsaro a kowace makaranta a 2018, kuɗin da ta bayar bai isa ba, gundumomi da yawa suka koma ga masu gadi da ake yi wa horon awa 144 saboda sun fi araha. Na sama ya yi dokar ya karɓi yabo, na ƙasa biyu su yi ta dambe a kan takardar kuɗi. In da ni ake tambaya, wanda ya wajabta shi ya kamata ya biya.

Baban Sadik, Milwaukee:
To a nan mun haɗu Malam. Amma tunda Madison ba za ta biya ba, cikin biyun da suka rage har yanzu ina kan bakana, birni ya fi cancanta da kaso babba.

Anti Lauya, Chicago:
Yaya, ka yi hattara da abin da kake roƙo. A Minnesota a 2023 jiha ta yi dokar da ta taƙaita irin riƙon da za a yi wa ɗalibi, musamman danne shi rub da ciki. Ana gab da buɗe makarantu rundunoni da dama suka janye mutanensu, suka ce ba za su yi aiki a haka ba, sai da majalisa ta gyara dokar a 2024. Wannan fa a wuraren da makarantu ke biya ne. Ina ga inda birni ne ke ɗauke da komai? Ranar da ya ga dama zai kwashe, ranar da ya ga dama zai turo wanda ya gagare shi a titi. Gara hukuma ta biya rabi, ta ce ga sharuɗɗana a kan rabin nan.

Kawu Na Katsina:
Na fahimta yanzu, Allah ya saka. Abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayin kanmu. Ku kuna faɗa a kan kaso. Mu bayan Chibok a 2014 aka kafa shirin kare makarantu, aka zo aka kwashe yaran Ƙanƙara a Disambar 2020, aka yi Jangebe, aka yi Kuriga. An fitar da tsarin kuɗi na naira biliyan 144.8 na 2023 zuwa 2026, da tarayya da jihohi kowa da kasonsa. Ku je makarantar ƙauye ku ga wanda ke bakin ƙofa, tsoho ne da sanda, sau da yawa ma iyayen yara ke haɗa masa ɗan abin da zai samu. Ko ba komai ku kuna da alƙalin da zai ce dala 1,000 kullum a kuma ji tsoronsa.

Malama, Texas:
Allah ya kawo mana sauƙi Kawu. Baban Sadik, tambaya ɗaya. Makarantunku sun kai wajen 150, 'yan sanda 25 ne. Kenan mafi yawan yara ba za su taɓa ganinsu ba, amma dala 800,000 ɗin daga kasafin kowa ta fita. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta fitar da rahoto a 2019 cewa yara miliyan 1.7 suna makarantun da ke da ɗan sanda amma babu malamin ba da shawara ko ɗaya. In za ku je zaman hukuma, ku tambaya me aka rage aka cike wannan gurbin.

Ɗan Damagaram, Greensboro:
Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa zai iya magana a irin zaman nan?

Anti Lauya, Chicago:
Zai iya. Zaman a buɗe yake, kana rubuta sunanka a ba ka minti biyu ko uku, wasu hukumomin har tafinta suke kawowa in ka nema tun da wuri. Ƙuri'a ce kada wanda ba ɗan ƙasa ba ya kusanta. Yarjejeniyar kuma takardar jama'a ce, ko tana cikin takardun zaman da aka amince da ita a shafin hukumar, ko ka rubuta wa magatakarda ka nema.

Malam Akanta, Ohio:
In ka samo ta Baban Sadik, duba mini abu biyu. Na farko, in aka janye ɗan sanda zuwa wani aiki a gari, ko ya tafi hutu ba a turo madadinsa ba, ana rage wa makaranta kuɗin ranar ko kuwa cikakke take biya? Na biyu, kuɗin ƙarin lokaci. Wasan ƙwallon daren Juma'a da bikin yaye ɗalibai ba sa cikin awannin karatu, kuma ninki ɗaya da rabi ake biya. Na ga yarjejeniyar da aka rubuta rabi da rabi, da aka tattara waɗannan sai ga makaranta ta haura kashi 60.

Baban Sadik, Milwaukee:
Zan nema in sha Allahu, in na samu zan saka a nan. Anti, ki turo mini yadda ake rubuta wasiƙar.

Alhaji Mai Tirela, Denver:
Ku duba takardarku. Ni dai ko kashi 100 aka ce makaranta ta biya, hannuna a sama yake.

Anti Lauya, Chicago:
Na tura maka ta akwatinka Yaya. Ka nemi har da rahoton kamun da suka yi tun daga Maris.